Katin da Aka Yi wa Hayaƙi

Na'urar bankin ta sake tofo katin, kamar yaro ya tofar da magani mai ɗaci.

Nuhu ya goge shi a gaban rigarsa, ya yi bisimilla, ya mayar. Ta yi ɗan gurnani, ta rubuto wani abu da Faransanci wanda ma'anarsa dai ba ta san wannan katin ba, ta sake turo masa abinsa. Mutanen da ke layi suka fara tsaki. Juma'a ce, kasuwar Dogon Dutsi na ci, kowa da uzurinsa, kuma banki ba ya kai azahar a buɗe.

Wani dattijo ya ce ya matsa ya ba wasu wuri, wataƙila rezo, wato layin sadarwa, ne ya ɗauke. Nuhu ya matsa. Na bayansa ya zura nasa katin, kuɗi suka fito sumul. To, ba rezo ba ne.

Duk abin da Nuhu ya tara a shagonsa na kayan moto, wato babur, yana bayan wannan 'yar robar. Yau bayan la'asar Alhaji Abdul'aziz ya ce a kai masa sadakin 'yarsa Afra'u, kuma ya faɗa a gaban mutane cewa in rana ta faɗi ba a kawo ba, ya janye maganarsa. Duk wanda ya san Alhaji ya san ba da son ransa ya ba da wannan ranar ba. Nema yake a makara.

Laifin Nuhu ɗaya ne, kuma ba shi ya aikata shi ba: ɗan Ajuma ne. Ajuma 'yar bori ce a wani ƙauye tsakanin Tibiri da Kore Mairuwa, kuma duk Arewa an san doguwar gidansu, iskar da suke yi wa yanka. Nuhu ya bar ƙauyen tun gemu bai fito masa ba, ya zauna gaban malaman sunna, ya ɗage wando, ba a taɓa rasa shi a sahun gaba ba. Duk a banza. Alhaji ya ce shi ba zai haɗa jini da gidan da ake yi wa iska yanka ba. Sai da Afra'u ta rame ta koma kamar sillen kara, limamin unguwa ya sa baki, sannan ya sauko, shi ma da sharaɗi. Ya sa Nuhu ya rantse a gabansa cewa ko ƙanshin turaren gidan can ba zai taɓa auren nan ba. Ya kuwa rantse da zuciya ɗaya, don a ganinsa abu ne mai sauƙi.

Ya koma inuwar bishiyar bedi ya ɗaga katin yana dubawa da kyau. Sai yanzu ya lura ya ɗan lanƙwashe. Kusurwa ɗaya ta narke ta yi baƙi, wajen ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinariya ya kumbura. A inda ya narke, wani ɗan gashi fari ya manne ya shige cikin robar. Ya sa farce ya kankara, ya ƙi fita.

Gashin kaza ne.

Ya kai katin hancinsa. Jawul da hano, da wani abu mai ɗaci a ƙarƙashinsu wanda ba a sayar da shi a kasuwa. Ƙanshin da ya tashi a cikinsa ne, ko a kabari aka kawo masa zai gane shi. 

Jiya ya je ƙauye neman albarka, ya kwana can. Da asuba ya tafi masallaci ya bar alabensa na kuɗi a aljihun rigar da ya rataye.

Ya kira mahaifiyarsa a waya. Ta ɗauka da murna, tana tambayar ko ya isa lafiya.

"Inna, kin taɓa alabena?"

"Na taɓa, Auta. Mi ya hwaru?"

"Katin da ke ciki fa?"

"Na yi mishi hayaƙi." Ta faɗa kai tsaye, ko ɗar babu. "Ba kai ka ce min kuɗɗin armen na cikinai ba? Tun kakanninmu kuɗɗin arme ba su hita gidanga sai an kai su bisa kasko, mai gida, doguwar gidanmu, ta san da su. In ba ta sani ba, ba ta barin amarya ta zamna. Na laluba ban ga kuɗɗi ba, sai shi na gani, sai na yi mishi."

Nuhu ya jingina da bedin ya rufe ido. Ita a wajenta gata ta yi masa. Ta yanka farar kazarta, ta tashi tun duhu, ta riƙe katin a kan garwashi tana roƙa wa matarsa zaman lafiya, matar da ubanta ya hana ta ko gani. Da me zai fara? Ya gaya mata wuta ta ci katin, na'ura ta ƙi shi, kuma in bai kai kuɗin ba yau shi ke nan. Bai gaya mata rantsuwar da ya yi ba. Bai taɓa gaya mata ba.

 Muryarta ta dushe.

"Ni na ɓata maka?"

"Ba ki sani ba ne, Inna."

"Da hannuna na ɓata maka." Ya ji tana jan hanci. "Bari in ga abin da zan yi."

Ya ce kada ta yi komai, don Allah kada ta ƙara yin komai, amma ta riga ta kashe.

A cikin banki sanyi ya dake shi, zufarsa ta bushe a jikinsa. Matar da ke teburin karɓar baƙi, Madam Hamsatu, ta saurare shi ba tare da ta ɗago ba, don irin wannan kukan tana jinsa kullum. Ta ce abin ba wuya. In kati ya lalace, mai shi zai kawo katin shaidarsa, a rubuta masa shek na gishe, wato wurin biyan kuɗi, ya sa hannu, a ba shi kuɗinsa nan take. Sai dai dole ya miƙa lalataccen katin a soke shi tukuna.

Nuhu ya tambaya, in kuma ɓata ya yi fa?

Ta ce in ɓata ya yi sai ya je kwamisariya wajen 'yan sanda ya yi bayani, su ba shi takarda. Yau Juma'a, kafin ya samu an rufe, sai Litinin. Sannan ta ɗago ta dube shi.

"Ɓata ya yi ko lalacewa?"

"Lalacewa."

Ta nuna masa tebur na ƙarshe da bakin alƙalami.

Ko da bai duba ba ya san wanda ke zaune a wurin. Rabilu ne, ɗan ƙanen Alhaji, wanda tun Afra'u na lakwal, tana 'yar makaranta, dangi suke kiransa mijinta, ita kuma tana cewa Allah ya kiyaye. Alhaji dai kullum yana wa'azi a kan riba, amma albashin Rabilu bai taɓa yi masa wari ba. Haka abin yake, na gida ba ya laifi.

Nuhu ya ce yana zuwa, ya fita waje ya kira Afra'u.

Ta ɗauka da raɗa, ta ce tana ɗaki, ƙawayenta sun cika tsakar gida. Ya gaya mata komai, bai rage ba. Kafin ya gama ta fara kuka, irin kukan da ake danne shi da mayafi.

"Ka karya shi, Yaya Nuhu. Ka jefa shi a kwata, ka ce ya ɓata."

"Sai Litinin ke nan. Kin san Abba ba zai ƙara mani ko wuni ɗaya ba."

"To ka nemi aro. Ka je wajen abokanka."

"Ranar kasuwa, kowa ya zuba nasa a kaya. Na kira waɗanda zan iya kira, abin da ke hannunsu bai kai ko rabi ba."

"Ka san wane ne Yaya Rabilu? Jiya yana gidan nan har bayan isha'i. Da ya tashi tafiya ya tsaya a ƙofar ɗakina, ya ce shi bai ga aure ba tukuna, rana kawai ya gani. Yana dariya ya faɗa. Wallahi tun jiya gabana yake faɗuwa, ban runtsa ba." Ta rage murya ta ci gaba. "Na sha zagi a kanka. Na sha gori wajen 'yan uwana, har an ce asiri aka yi mani. Ban damu ba. Amma in Abba ya janye yau, ba ni da sauran ƙarfin da zan sake wani yaƙin. Na gaji, Yaya Nuhu. Na gaji ƙwarai."

"Ki yi haƙuri."

"In ya tambaye ka, ka ce ba ka sani ba. Ka ce a aljihu ya ƙone, ka ce komai."

"Afra'u, mutumin da ya yarda da ni a kan rantsuwa, in je in yi masa ƙarya ranar da zai ba ni ke?"

 Ya ji ana kiran sunanta daga nesa, ta ce Allah ya rufa asiri, ta kashe.

Rabilu ya miƙe ya tarbe shi da hannu biyu, yana "ango, ango" har mutane suka waiwayo. Turarensa mai tsada ne, takalminsa na sheƙi. Ya ja masa kujera, ya tambayi shago, ya tambayi mutanen ƙauye, ya ja kalmar ƙauyen kaɗan fiye da yadda ake jan ta. Nuhu ya ajiye katin shaida, ya ɗora ɗayan a kai.

Rabilu ya ɗauka da yatsu biyu. Ya juya shi. Ya tsura wa kusurwar ido, ya shafa ɗan farin gashin da babban yatsa. Sannan a hankali, ba tare da ya ɗauke idonsa daga kan Nuhu ba, ya kai shi hanci.

Shi ma ɗan Arewa ne. Ba sai an fassara masa ba.

Nuhu ya jira tambaya, ya jira gatse, ya shirya wa duka biyun. Ba wanda ya zo. Rabilu ya ce zafin rana yana lalata katuna da yawa bana, abin ba komai ba ne. Ya rubuta shek da kansa, ya nuna masa inda zai sa hannu, ya tashi ya kai wa shef, shugabansu, ya dawo, ya riƙo hannunsa ya tsallake da shi layin gishe kamar wani babban baƙo. Kafin Nuhu ya gama mamaki, kuɗin suna cikin ambulan a hannunsa.

Wannan kirkin ya fi zagi ba shi tsoro.

Da ya dawo ɗaukar katin shaidarsa, ya ga almakashi a kan teburin, da gutsattsarin katunan wasu a cikin kwandon shara. Nasa ba ya ciki.

"Ba a gabana ake yanka shi ba?"

"Za a yanka, mon frère, ɗan'uwana." Rabilu ya dafa aljihun gaban rigarsa yana murmushi. "Ka je ka shirya. Sai mun haɗu wajen Baba."

Sallar Juma'ar nan Nuhu bai san abin da liman ya karanta ba.

Bayan la'asar suka isa, shi da Baba Illo ƙanen mahaifinsa, wanda ya zo daga Tibiri don ya tsaya masa. A al'ada ango ba ya zuwa kai sadaki, amma Alhaji ya ce wanda ya yi rantsuwar shi yake so ya gani. Zauren ya cika da dattawa. Liman yana gefen dama. Rabilu yana can baya kusa da ƙofar shiga gida, ya sauya kaya, ya sunkuyar da kai kamar na Allah.

Aka gaisa, aka yi addu'a. Baba Illo ya matsa ya ajiye ambulan a gaban Alhaji.

Alhaji bai taɓa ba. Ya janye gefen babbar rigarsa don kada ta shafe shi. Daga nan Nuhu ya san an riga an kai masa labari.

"Nuhu, kuɗin nan daga ina suka fito?"

"Daga banki, Alhaji. Gumina ne."

"Na san guminka ne. Abin da aka ciro su da shi nake tambaya. An kawo mani wani abu na gani da idona, na shaƙa da hancina. Ina so in ji daga bakinka."

 Bayan labulen ƙofar cikin gida wani abu ya motsa, Nuhu ya hango yatsun ƙafa masu lalle a ƙarƙashinsa. Ya san ƙafar, ta Afra'u ce.

Ya faɗi gaskiya. Ya ce mahaifiyarsa ce, ba da saninsa ba, yana masallaci ta yi, kuma ita a tunaninta alheri ta yi masa. Baba Illo ya dafe kai. Wani dattijo ya yi ta'awizi a fili. Liman ya gyara murya ya ce tunda yaron bai sani ba, rantsuwarsa ba ta karye ba, kuma kuɗin da suka fito daga gishe ba su ga hayaƙi ba. Alhaji ya saurare shi har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"Na yarda, Malam. Bai sani ba. To gobe fa? Yau kati ne. Gobe ruwan da 'yata za ta sha ne, jibi jaririn da za ta haifa, a kai shi kan kasko uban yana masallaci." Ya juyo. "Ba zan zalunce ka ba, Nuhu. Ka faɗi gaskiya, kuma ina son mai gaskiya. Zan karɓi sadakin nan yanzu, a gaban mutanen nan. Amma ka ce wallahi Ajuma ba za ta taka gidan da 'yata take ba, ba za ta ɗauki ɗanta ba, ba za a ci abin hannunta ba, har ta bar abin da take yi ko ta bar duniya. Ka faɗa, a shafa fatiha."

Ko Rabilu sai da ya ɗago. Ba haka ya so ba, shi kora ya zo gani. Ga ƙofa an buɗe wa Nuhu, kalma ɗaya ce tsakaninsa da Afra'u.

 Yana jin numfashinta a bayan labule.

Sai aka yi sallama daga waje, muryar tsohuwa, a gajiye.

Ajuma ce tsaye a bakin zaure, ƙafafunta butu-butu, zanenta na saƙi ya jiƙe da zufa. Motar 'yan kasuwa ta biyo. Ba ta shigo ba. Ta tsaya daidai inda inuwar zauren ta ƙare, ta durƙusa a ƙasa, tsohuwa da furfurarta, ta kwance bakin zane ta fito da ƙullin tsumma ta ajiye a kan dokin ƙofa.

"Ga wasu, Alhaji. Waɗanga ba su ga hayaƙi ba. Yanzu mahauci ya ba ni su."

Baba Illo ya zabura ya tambaye ta me ta sayar. Ta ce baƙar akuya. Ya sake tambaya, kamar bai ji ba, ta sake faɗa. Fuskarsa ta sauya, ya ja da baya har ya bugi bango. Akuyar doguwar gidansu ce, wadda ba a sayarwa, ba a yankawa, ba a ko dukanta in ta shiga hatsi. Tun kafin a haifi Nuhu, in wata ta tsufa 'yarta ke gadonta, kuma ba a taɓa fitar da ita daga gidan ba.

Ajuma ba ta kula shi ba. Ɗanta take kallo.

"Na ji abin da ya ce, Auta. Tun daga waje na ji. Rantse mishi." Hawaye na bin tsagen fuskarta, ba ta share ba. "Ni na ga arme, na ga haihuwa, mi ya rage min? Ka rantse. In an haihu a hwaɗa min suna, ya ishe ni."

Nuhu ya dubi ƙullin tsumman. Ya dubi ƙafafun da suka sha ƙasa saboda shi. Ya dubi labule. Wallahi ya so ya faɗa, ya buɗe baki ma, harshen ne ya ƙi.

"Alhaji, ka gafarce ni. Abin da take yi ba na yi, ba kuma zan yi ba har in mutu. Amma uwata ce. Ba zan rantse ba."

 Alhaji ya sa bakin sandarsa ya tura ambulan a hankali a kan tabarma, har ya taɓa gwiwar Baba Illo.

"To Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Nuhu ya miƙe, bai san yadda ya kai ƙofa ba. Ya sunkuya zai ɗaga mahaifiyarsa, ta riƙe hannunsa gam. Ba godiya ce a idonta ba, tsoro ne tsantsa.

"Ka yi wauta, Auta," ta ce da raɗa. "Na sayar don a ba ka yarinyar, in ya so abin ya sauka kaina ni ɗaya, can ƙauye. An riga an yanka ta. Da ka rantse ka raba ni da ku, da kaina za ta tsaya. Yanzu ko mai gida ba ta barin gurbi, sai ta ɗauki wadda aka sayar da akuyarta dominta."

Bai kai ga cewa ta daina wannan maganar ba, aka ji wani abu mai nauyi ya faɗi a bayan labule. Labulen ya tsinke ya biyo shi ƙasa.

Daga cikin gida muryar Hajiya, matar Alhaji, ta tsaga zauren, tana kiran sunan Afra'u, tana sake kira, ba a amsawa.